Nono da ƙarfin ƙashi

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, ku aza hannu bisa gwiwarku. Ku taɓa haƙarƙarinku, ku taɓa goshinku. Abin nan mai tauri da kuka ji, shi ne ƙashi. Shi ke riƙe da jiki kamar yadda azara ke riƙe da rufin ɗaki. Da shi kuke tsayuwa, da shi kuke noma, da shi kuke jan guga, da shi kuke goyo. Ƙoƙon kai yana kare ƙwaƙwalwa. Haƙarƙari yana kare zuciya da huhu. Cikin ɓargo kuma ake yin jini.

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Na jariri sun fi haka yawa, don kuwa wasu suna haɗewa da juna sa'ad da yake girma. A wannan darasi za mu ga abin da ke gina ƙashi, da abin da ke cinye shi, da amfanin nono gare shi tun daga goyo har tsufa.

Ƙashi abu ne mai rai

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi kamar dutse yake, in ya ginu shi ke nan. Ba haka ba ne. Ku dubi wanda ya karye. Maɗori ko likita ya daidaita ƙashin, ya ɗaure. Bayan ƴan makonni sai ya haɗe. Dutse in ya fashe, yana haɗewa? A'a. Ƙashi ya haɗe ne don yana da rai, jini na shiga cikinsa yana kai masa abinci.

Kun san katangar ƙasa. Kowace damina ruwa yana zaftare wani wuri, kowane rani mai gida yana sake yaɓe. Haka jiki ke yi da ƙashi dare da rana. Yana kankare tsohon wuri, yana yaɓa sabo. Cikin kamar shekara 10, kusan dukan ƙashin babban mutum ya sake zama sabo. To, mai yaɓe yana bukatar ƙasa. In babu ƙasar yaɓe, katanga za ta riƙa sirancewa har wata rana ta faɗi.

Da me aka gina ƙashi?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko wani irin zare ne mai danƙo, wanda jiki ke yi da abinci mai gina jiki, kamar nono, da nama, da ƙwai, da wake. Shi ke hana ƙashi saurin tsagewa. Na biyu wani sinadari ne mai tauri da ake kira kalsiyom. Shi ke sa ƙashi ya tsaya ƙyam. Ku tuna da tubali: ana cuɗa ƙasa da ciyawa. Ciyawa ta riƙe, ƙasa ta ba da tauri.

Kuna iya gwada wannan a ajinku. Ku samo siririn ƙashin kaza, ku wanke shi. Ku sa shi cikin kwalba, ku zuba binegar har ya nutse, ku rufe. Bayan mako guda ko biyu ku fiddo shi. Za ku ga yana tanƙwaruwa kamar roba. Tsamin ya narkar da kalsiyom, ya bar zaren kaɗai. Abin da ke samun ƙafar yaron da bai samu isasshen kalsiyom ba, ya yi kama da wannan.

A jikin babban mutum akwai kalsiyom kamar kilo guda. Kashi 99 cikin 100 yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan abin da ya rage yana cikin jini da tsoka. Kaɗan ne, amma ba a rayuwa sai da shi: da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi, da shi jini ke daskarewa in an yanke. Jiki ba ya iya ƙera kalsiyom da kansa. Sai dai ya samo shi daga abinci.

Ƙashi rumbu ne

In abincin yau ba shi da kalsiyom, zuciya ba za ta tsaya ta jira ba. Jiki sai ya je cikin ƙashi ya ɗebo. Wato ƙashi rumbu ne. Ranar da aka samu, a zuba. Ranar da babu, a ɗiba.

Amma wannan rumbu yana da lokacin cikawa. Tun daga cikin ciki har zuwa shekara 25 ko 30, zubawa ta fi ɗiba yawa. Lokacin balaga, wato daga shekara 10 zuwa 18, shi ne babbar kaka, a nan ake zuba mafi yawa. Bayan shekara 30 rumbu ya gama cika, sai tattali. Daga wajen shekara 50, ɗiba ta fi zubawa. Wanda ya cika rumbunsa da ƙuruciya zai kai tsufa da sauran ƙarfi. Wanda ya shiga rani da rabin rumbu, kun san yadda bazara ke iske shi.

Shi ya sa wannan darasi ya shafe ku ta hanya biyu. Ya shafi jikinku, ya kuma shafi ɗiyanku, waɗanda lokacin cika rumbunsu ke wucewa yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ke cikin nono?

Da nono ɗan maraƙi ke gina ƙashinsa. Cikin ƴan watanni sai ku ga ya yi tsawo yana tsalle. Nono ya haɗa kalsiyom, da abinci mai gina jiki, da wani sinadari da ake kira fosfor, wanda shi ma ke shiga ginin ƙashi. Kuma hanjin mutum yana tsotse kalsiyom na nono da sauƙi.

Ana auna kalsiyom da miligiram. Giram guda miligiram 1000 ne. Lita guda ta madarar saniya tana da kalsiyom wajen miligiram 1200. Kofi guda, wato rubu'in lita, yana da wajen 300. Madarar akuya da ta raƙuma kusan haka suke. Ta tunkiya ma ta fi su.

Ga abin da masana na hukumar lafiya ta duniya, OMS, da hukumar abinci ta duniya, FAO, suka ƙiyasta mutum yana bukata a kowace rana:

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3: miligiram 500.
Ɗan shekara 4 zuwa 6: miligiram 600.
Ɗan shekara 7 zuwa 9: miligiram 700.
Saurayi da budurwa, shekara 10 zuwa 18: miligiram 1300.
Babban mutum: miligiram 1000.
Mace bayan ta daina al'ada: miligiram 1300.

Kun ga kofi 2 sun ishe ƙaramin yaro. Kun kuma ga budurwa ƴar shekara 13 ta fi ubanta bukata. Kada lissafin ya karya muku gwiwa. Ba kowa ke iya cika wannan awo kullum ba. Kofi guda ya fi babu nesa ba kusa ba, kuma akwai wasu abinci da ke cike gurbin, za mu zo gare su.

Hatsi da dawa, waɗanda su ne abincinmu na kullum, suna ba da ƙarfin aiki, amma kalsiyom ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Fura da nono abinci ne cikakke. Fura da ruwa zalla tana kashe yunwa, amma abin da take zubawa a rumbun ƙashi kaɗan ne ƙwarai.

Kindirmo, tsala, cuku da man shanu

Wani zai ce: "To, wane iri ne ya fi?" Ga amsa.

Kindirmo, wato nonon da ya kwana da mansa, yana da kalsiyom daidai da madarar da aka yi shi da ita. Tsami ba ya rage shi.

Tsala, wato nonon da aka kaɗa aka cire mai, shi ma kalsiyom ɗinsa yana nan. Kalsiyom ba ya bin mai, yana zama cikin nonon. Don haka kada ku rena tsala. Abin da ke rage masa amfani shi ne ruwan da ake ƙarawa. In aka zuba ruwa daidai da nono, kofinku ya koma rabi.

Man shanu yana ba da ƙarfi, yana sa miya daɗi, amma kusan babu kalsiyom cikinsa. Wanda ya sayar da nono ya ajiye mai don yara, bai ajiye musu abin gina ƙashi ba.

Cuku, wanda Buzaye da Fulani ke yi a ƙasar Tawa, da Abalak, da Agadas, madara ce aka daskarar aka shanya. Ruwa ya tafi, kalsiyom mai yawa ya zauna. Ɗan guntu kaɗan yana da amfani mai yawa, kuma yana daɗewa bai lalace ba. Ana iya daka shi a zuba cikin fura ko kunun yaro.

Nonon leda da ake saidawa a birni, irin na Solani ko Niger-Lait, shi ma yana da kalsiyom. Ku duba ranar da aka rubuta a jikin ledar, yanzu kun iya karatu. Ku kuma tabbata daga cikin sanyi aka fiddo shi.

Madarar gari tana da kalsiyom in an dama ta yadda aka rubuta, da ruwa mai tsabta. Cokali guda cikin babban kofin shayi launi kawai yake canzawa. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kuwa, sukari ya yi mata yawa. Ba abincin jariri ba ce ko kaɗan.

Jariri: nonon uwa kaɗai har wata 6

Ga jariri babu abin da ya kai nonon uwarsa. A sa shi ga nono tun cikin sa'ar farko bayan haifuwa. Nonon farko, mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira dakashi, ba ruɓaɓɓe ba ne. Kada a matse shi a zubar. Shi ne rigakafin farko na yaro.

Daga haifuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya isa. Ba ruwa, ba bauri, ba madarar akuya ko ta saniya. Ko lokacin zafi, ruwan da ke cikin nonon uwa ya ishe shi in yana sha a kai a kai. Madarar bisa ta yi wa cikin sabon jariri nauyi, kuma tana iya kawo masa zawo.

Bayan wata 6 sai a fara ba shi kunu mai kauri, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Cikin kunun ana iya zuba tafasasshiyar madara, ko garin ƙuli-ƙuli, ko garin zogale, ko dakakken busasshen kifi.

Bayan yaye

Nan ne haɗari yake. Jiya yaro yana shan nono, yau an yaye shi, an miƙa masa kunu da tuwo kawai. Ƙashinsa yana cikin tsawo, amma kayan gini sun yanke. In abin ya daɗe, ƙashin sai ya yi laushi. Nauyin jiki ya danne shi, ƙafa ta lanƙwashe.

Ga alamun da za ku lura da su:

Yaro ya daɗe bai fara tafiya ba, ko yana kukan ciwon ƙafa.
Ƙafafu sun yi baka, ko sun yi gwame, kuma abin yana ƙaruwa bayan shekara 2.
Wuyan hannu ya kumbura ya yi faɗi.
Ƙananan ƙulli sun fito a jere bisa haƙarƙari kamar carbi.
Maɗiga ta daɗe ba ta rufe ba.

Da can an ɗauka wannan ciwo na ƙasashen sanyi ne, inda yara ba su samun rana. Amma likitoci a garin Jos, cikin Nijeriya, sun ga yara da yawa masu lanƙwasassun ƙafafu, alhali rana ba ta yanke musu ba. Suka bincika, suka iske abincin yaran masara ce ba nono, kalsiyom ɗin da suke samu a rana wajen miligiram 200 ne kawai. Da aka riƙa ba su kalsiyom, ƙashin mafi yawansu ya warke cikin wata 6. An bayyana wannan bincike a 1999. Abincin waɗannan yara bai bambanta sosai da na ɗiyanmu ba.

In kun ga waɗannan alamu, ku kai yaro gidan likita da wuri. Ba aikin iska ba ne, ba kuma sammu ba ne. Ɗauri da tausa ba su miƙe ƙashin da ya rasa abinci. In an kama abin tun yaro yana ƙarami, sau da yawa ƙafar tana miƙewa da magani da abinci.

Amma ku sani, ba kowace lanƙwasar ƙafa ce ke zuwa daga rashin nono ba. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, a shekarun 1990, yara da yawa sun nakasa saboda ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan yana da wani sinadari da ake kira fuliyor fiye da kima. Haƙoran yara suka yi ja, ƙasusuwansu suka karkace. Maganin irin wannan shi ne canza ruwan sha. Don haka in kun ga yara da yawa a gari guda da jajayen haƙora da karkatattun ƙafafu, ku shaida wa likita da hukuma don a auna ruwan.

Budurwa, mai ciki da tsohuwa

Ƴar'uwa, wannan sashe naki ne musamman, amma maigida ma ya karanta.

Yarinya tana gina ƙashin ƙugunta lokacin balaga. Ta wannan ƙugu ɗa zai bi ya fito wata rana. Yarinyar da ba ta samu abinci mai kyau ba, ko wadda ta ɗauki ciki jikinta bai gama ginuwa ba, ta fi shiga haɗarin doguwar naƙuda. Nonon da kika ba ɗiyarki yau, da haƙurin da aka yi har ta girma sosai kafin aure, suna cikin abin da zai taimake ta ranar haifuwa.

Mai ciki tana gina ƙashin mutum biyu. Mai shayarwa kuma kullum tana fidda kalsiyom cikin nononta, har jikinta yana aro daga ƙashinta. Wannan ba abin tsoro ba ne, don bayan yaye jiki yana maida abin da ya ara. Sai dai yana bukatar abinci da hutu. Shi ya sa tazarar haifuwa ke da amfani, shi ya sa kuma bai kamata mai jego ta zama ta ƙarshe wajen cin abinci ba. In a wurin awon ciki an ba ki ƙwayoyi, ki sha su yadda aka ce.

Sa'ad da mace ta daina al'ada, ƙashinta yana saurin raguwa. Kun san aikin gara: azara tana nan kamar lafiya lau, amma ciki ya zama rariya. Haka wannan ciwo yake. Ba ya zafi, ba ya nuna alama. Sai tsohuwa ta fara gajarta, bayanta ya yi doro. Wata rana ta zame a bakin randa, sai ƙugu ko wuyan hannu ya karye. Tsoho ma yana samun haka, amma mata ya fi kamawa. Karayar ƙugu ga tsohon mutum babban abu ne, wasu ba su sake tashi. Ku riƙa ajiye wa tsofaffinku rabonsu na nono. Ku gyara musu hanyar makewayi, ku kawar da turmi da igiya daga inda suke bi, ku ba su fitila da sanda.

A tafasa madara

Nono abinci ne mai albarka, amma ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta daga jikin bisa. Akwai cutar da ke sa shanu da awaki ɓari, wadda Fulani ke kira bakkale. In ta shiga mutum tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da zufar dare, da ciwon gaɓoɓi da na baya. Akwai kuma tarin fuka na shanu, wanda ke iya kama mutum har ya shiga ƙashin baya. Bisa tana iya ɗauke da cutar alhali a ido lafiyarta lau. Kwanan nono da tsaminsa ba su isa su kashe dukan ƙwayoyin cuta ba. Wuta ce ke kashe su. Kuma wuta ba ta ƙone kalsiyom, yana nan yadda yake.

Ga yadda za ki yi kindirmo mai tsabta:

1. Ki wanke hannunki da sabulu, ki wanke hantsar bisa kafin tatsa.
2. Ki tace madarar da ƙyalle mai tsabta.
3. Ki aza ta bisa wuta har ta tafasa ta taso, kina motsawa.
4. Ki sauke, ki rufe, ki bari ta huce ta koma ɗumi-ɗumi.
5. Ki zuba ɗan ludayi na kindirmon jiya mai kyau, wanda shi ma da tafasasshiyar madara aka yi shi.
6. Ki juye cikin wankakkiyar ƙwarya da ta sha rana, ki rufe, ki bari ya kwana.

In za a dama fura, a dama da ruwan sha mai tsabta. Nono mai kyau da ruwan tabki, zawo ne. Kada kuma a sha madarar bisar da ba ta da lafiya, ko wadda ta yi ɓari. Wadda aka yi wa allurar magani, a tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira.

"Ni madara tana ɓata mini ciki"

Gaskiya ne, akwai masu haka da yawa. Cikin madara akwai wani irin sukari. Kusan kowane jariri yana iya narkar da shi, amma mutane da yawa in sun girma cikinsu yana rage iyawa. Sai su ji kumburi, da ƙugi, wani lokaci da zawo. Makiyaya, waɗanda suka gaji shan madara kaka da kakanni, ba su cika samun wannan ba.

Wannan ba dalilin barin nono ba ne. Kindirmo da tsala sun fi sauƙi ga ciki, don tsami ya cinye wani kashi na sukarin. Cuku ma haka. Ku sha kaɗan-kaɗan, tare da fura ko tuwo. Amma in yaro yana yin ƙuraje, ko amai, ko kumburin fuska duk sa'ad da ya sha madara, wannan wani abu ne daban. A dakata, a kai shi likita.

In rani ya yi, nono ya yi wuya

Da damina nono yana arha. Da rani bisashe sun rame, wasu sun yi nisa, ƙwarya ta bushe. Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984, sa'ad da garkuna suka ƙare. Kuma tun da aka karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, mun ga yadda abin da ake shigowa da shi daga waje ke iya tsada dare ɗaya. Abin dogara shi ne na gida.

Saniyar Azawak ta shahara wajen madara, amma ba kowa ke da halin saniya ba. Akuya kuwa saniyar talaka ce. Jar akuyar Maraɗi tana yawan haifuwar tagwaye, kuma in ta ƙoshi tana iya ba da kamar rabin lita a rana. Rabin lita kofi 2 ne, wato bukatar ƙaramin yaro. Ku tanadi harawa, da karan dawa, da dussa, da ƴaƴan gawo tun da kaka. Ga Fulani akwai al'adar haɓɓanaye: a ba mutum aron bisa mace, ya sha nono, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa, sannan ya maida uwar. Ƙungiyoyin mata da yawa a ƙasarmu suna yin haka da awaki. Ajinku ma yana iya shawara bisa wannan.

Ke mai saida nono, kasuwa hakkinki ce. Amma ki fidda rabon yara kafin ki ɗauki ƙwarya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga wasu abinci masu kalsiyom da ke kusa da ku:

Kuka. Busasshen ganyenta yana da kalsiyom da yawa. Miyar kuka mai kauri abincin ƙashi ce.
Zogale, wanda wasu ke kira tamaka. A ci kwaɗonsa, a shanya shi a inuwa, a daka a ajiye don rani.
Lalo da sauran ganyayen miya.
Riɗi, musamman wanda ba a cire wa ɓawo ba.
Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu. Kalsiyom yana cikin ƙayar.
Wake ma yana taimakawa.

Rana da motsi

Ko an ci kalsiyom, hanji ba ya tsotse shi sosai sai da taimakon bitamin D. Wannan bitamin fatar jiki ce ke yin sa in rana ta taɓa ta. Rana kuwa Allah ya hore mana. Sai dai matar da ba ta fita daga ɗaki, da tsohon da ke kwance, da yaron da kullum yake lulluɓe, suna iya rasa shi. Su riƙa zama a tsakar gida na ɗan lokaci da hantsi, rana ta taɓa hannu da ƙafa. Ba a ce a gasa jariri cikin zafin rana ba.

Ƙashi kuma yana son aiki. Tafiya, da noma, da daka, da wasan yara suna ƙara masa ƙarfi. Doguwar kwanciya tana rage shi. Taba da giya suna raunana shi. Amma kaya mai nauyi fiye da kima bisa kan ƙaramar yarinya ba motsa jiki ba ne, wahala ce ga wuyanta da bayanta.

Abin da za mu riƙe

Nonon uwa kaɗai har wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.
Bayan yaye, yaro ya samu nono kullum, ko da kofi guda ne.
Budurwa, da mai ciki, da mai jego, da tsohuwa su samu rabonsu.
A tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita.
In babu nono, a yawaita kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi.
In ƙafar yaro ta fara lanƙwasa, a tafi likita da wuri.

Tambayoyi

1. Ta yaya muka san ƙashi yana da rai?
2. Mene ne sunan sinadarin da ke sa ƙashi tauri?
3. Tsakanin tsala da man shanu, wane ne ke gina ƙashi?
4. Don me ake tafasa madara?
5. Ku faɗi alamu 3 na laushin ƙashi ga yaro.
6. A garinku, wa ke fara shan nono in an samu, wa ke zama na ƙarshe? Ku tattauna.

Lissafi

1. Kofi guda na madara yana da kalsiyom miligiram 300. Kofi 3 fa?
2. Akuya tana ba da rabin lita a rana. Lita nawa za ta ba da cikin kwana 30?
3. Mu ɗauka kofin nono dala 20 ne. Wata mata tana saya wa ɗanta kofi guda kullum. Dala nawa za ta kashe cikin kwana 30? Jika nawa ke nan?

Rubutu

Ku lura da ƙugiyar ƙ. "Ƙashi" daban, "kashi" daban, in kun manta ƙugiya za a yi muku dariya. Ku rubuta waɗannan kalmomi sau 3 cikin littafinku: ƙashi, ƙafa, ƙugu, ƙwarya, haƙori.

Sannan ku rubuta sunayen abinci 5 masu gina ƙashi da ake samu a kasuwar garinku. In kun koma gida, ku karanta wa mutanen gidanku abin da kuka rubuta.